Hannun Basharu

Kalgo, watan Sha'aban, 1956

Daga ƙaninki Lukuman zuwa ga Adda Ruƙayyatu a Gwandu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ciwon gwiwar nan ya sake ki, kuma Malam da yara suna lafiya. Ni dai lafiya lau, ban da zafin Kalgo da sauron fadama, waɗanda ba su da imani ko kaɗan.

Bayan haka, Adda, ki yi guɗa in kina da sauran murya. Baturen kamfanin hanya, wanda muke kira Mai Lofe, ya ba ni kujerar katafila. Tsohon direban ya koma garinsu, aka gwada mu biyu, ni da Basharu na Kawu Hamidu, aka ce ni. Ƙanin nan naki da kike cewa ko jaki ba zai iya korawa kasuwa ba, yau shi ke tuƙa abin da ke tumɓuke gawo da saiwarsa.

Bawa mai kifi ya ce kin tambaye shi wai ko abin yana cin mutane. Ba ya ci. Tura ƙasa ma ba wuya. Abin da ke sa mutum gumi shi ne lodi. Katafila ba ta tafiya mai nisa da ƙafarta, don ƙafafun ƙarfe ne, sai ta cinye hanyar da muka gyara. In za a canja wurin aiki sai a kawo doguwar tirela, a tara tudun ƙasa a gindinta, a shimfiɗa gumagumai, ni kuma in hau da ita. To faɗin tirelar bai kai faɗin katafila ba, kowace ƙafa tana leƙo waje kamar tafin hannu. Kuma da ta fara hawa sai hancinta ya ɗaga, babban ceburin gaba ya rufe mini komai. Ba na ganin tirela, ba na ganin ƙasa, sai sararin Allah da hannun Basharu. Shi yana tsaye can bisa wuyan tirela, ya miƙa hannu sama yadda zan hango ta saman cebur. Katafila ba ta da sitiyari irin na mota, sanduna biyu ne. Ya karkata dama in ja sandar dama, ya karkata hagu in ja ta hagu, ya dunƙule in tsaya cak. Magana ba ta jiyuwa saboda ƙarar inji. Sai ta kai tsakiya ta rusuna, ta faɗo da gaba tim. Daga nan a ɗaure ta da sarƙoƙi, a buga waigin katako a tokare ƙafafunta, a ce alhamdu lillahi.

Basharu ya iya abin nan, wallahi. Kafin kowane lodi sai mun zagaya wurin, ina gaba yana biye, duk inda na taka sai ya duƙa ya ɗebi ƙasa ya murza, wata ya zubar, wata ya ƙulle a bakin rigarsa. Jiya ya ce da ni, "Taubashi, ci kujerarka da kyau. Ran da na gaji da tsayuwa sai in karkata hannun ga kaɗan in gaje ta." Leburori suka yi ta dariya. Na ce gajere irinsa sai an kifa masa turmi kafin ya hau.

Bawa zai ba ki busasshen kifi. Ki raba biyu, Basharu ya ce a kai wa matarsa Tasalla rabi. A gaida duk mutan gida. Wassalam.

Gwandu, ƙarshen Sha'aban

Daga Ruƙayyatu zuwa ga autanmu Lukuman. Aminci da yarda su tabbata gare ka. Kifi ya iso, Allah ya yi albarka. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta. Malam ya yi mura ya warke, Indo kuma ta fara rubuta allonta da kanta.

Guɗa na yi, har maƙwabta suka leƙo. Amma da na kai ƙarshen takardar sai na yanke ta. Lukuman, kai ka rubuta wannan ko aljani ya riƙe maka alƙalami? Mutum yana bin bayanka yana ɗibar ƙasar sawunka yana ƙullewa, kai kuma kana ba ni labari kamar wanda aka yi wa kyautar riga! A gidan wa aka haife ka? Ko yaron goye a Gwandu ya san abin da ake yi da ƙasar sawu.

Tsaya ka duba da hankali. Wa ya fara zuwa Kalgo? Basharu. Wa ya kira ka, ya roƙa maka aikin lebura? Shi. Wa ya nuna maka sandunan nan da kake mini fariya da su? Shi ne dai. Yau kana zaune bisa kujera, shi yana tsaye a rana yana kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ka ɗauka zuciya dutse ce? Ni na yi wa Basharu wanka yana yaro, na san shi. In aka ba ka tsoka aka ba shi ƙashi ba ya kuka, murmushi yake yi, bayan kwana biyu ka nemi takalminka ka rasa.

Batun gadon kujera kuma, kada ka ce mini taubasantaka. Ni ma taubashina ne, ina zaginsa ran da na ga dama. Amma wasan taubashi shi ne a ce bawana, a ce ɓarawon tuwo, a ƙwace maka hula ran sallah. Ban taɓa jin taubashin da ke wasa da ran ɗan'uwansa a gaban mutane ba. Da wasa ake gaya wa wawa magana.

Ban ce ka yi faɗa da shi ba, kuma kada ka kuskura ka nuna masa takardar nan. Ka daina tafiya a gabansa. Ka riƙe addu'ar da Baba ya koya mana safe da yamma. Inna ta bar mini kai kana rarrafe, kuma ban goya ka don a kawo mini kai a naɗe cikin tabarma ba. Ka ba ni amsa ta hannun Bawa, kada ka bari kasuwa ta zagayo. Haza wassalam.

Kalgo, farkon azumi

Zuwa ga Adda. Barka da shan ruwa. Na ji daɗin labarin Indo, ki ce mata in na zo zan duba allon. Muna lafiya, sai dai azumi a kan katafila sai mai rabo, ga wutar inji a gaba ga ta Allah a sama.

Adda, na yi dariya har Bawa ya zaci labarin haihuwa kika aiko. Bari in warware miki. Tirela da katafila in suka haɗu, nauyinsu ya fi na gidanmu da rumbunansa. In ƙasa tana da laushi a gefe ɗaya, taya za ta nutse, tirela ta karkata, shi ke nan. Shi ya sa Basharu ke murza ƙasa. In ta dunƙule a hannu akwai danshi, in ta watse ta bushe. Wadda yake ƙullewa direban tirela yake kai wa, wani mutumin Ilori mai gardama, wanda ba ya yarda sai ya gani da idonsa. Dalilin da ya sa inda na taka yake ɗiba kuwa, ai layin da tayoyi za su tsaya muke bi, ni ne direba, ni ke gaba. Ba wani sawu a ciki. Ke da kike gidan malamai kin fi ni sanin zato zunubi ne.

Amma kin ɓata mini tafiya, ba zan ɓoye miki ba. Shekaranjiya da muka sake zagaya wani wuri, sai na ji ya duƙa a bayana. Na waiwaya, ya ce, "Mi kake kallo, ko ka yar da kwabo?" Kunya ta kama ni.

Ga labari mai daɗi. Bayan sallah, kafin damina ta kankama, za a ɗauke katafila daga nan a kai ta aikin hanyar Kambaza. Kin ga na matso gida, zan riƙa zuwa cin tuwonki kina mita. Wannan shi ne babban lodi, don tafiyar da nisa. Basharu ya riga ya gaya wa Mai Lofe cewa ranar ba ya son kowa kusa, leburori su ja baya, ni da shi kawai, wai surutunsu da ɗage-ɗagen hannunsu na raba masa hankali. Ya samu izini zai leƙo Gwandu tsakiyar azumi, zai zo gaishe ki. Don Allah ki karɓe shi da fuska. Wassalam.

Gwandu, goman ƙarshe na azumi

Zuwa ga Lukuman. Barkanmu da ibada, Allah ya karɓa. Mu duka lafiya, sai Malam da ya shiga i'itikafi ya bar ni da hayaniyar gida.

Ka ce in karɓe shi da fuska. Na share tsakar gida, na dama fura da nono mai kyau, fuskar ma na gyara ta. Ina Basharu? Kwana biyu ya yi a garin nan, bai tako ƙofata ba. Tsakanin gidan Kawu da namu ko tsohuwa mai sanda ba ta hutawa a hanya. Zumunta a ƙafa take, mutum kuma ba ya gudun ido sai in akwai abin da yake tsoron idon ya gani.

Saurara ka ji sauran. Hajara maƙwabciyata ta fita da sassafe neman itace, ta gan su shi da Tasalla a hanyar Dodoru, yana gaba tana biye, da ƙulli a hannunta cikin farin ƙyalle. Ta gaishe su, suka amsa a tsaitsaye suka wuce. Ka san malamin da ke Dodoru, ka kuma san ba don karatu ake zuwa wurinsa ba. Tun ran nan Tasalla ba ta ƙara shigowa ko ɗibar wuta ba, ita da kullum tana nan tana cika mini kunne. Na gan ta a gidan suna ta ƙudundune cikin mayafi, muna haɗa ido ta sunkuyar da kai.

Ka ce mutumin Ilori ake kai wa ƙasa. Ka taɓa binsa ka ga ya miƙa duka? Abin da ya gaya maka kake gaya mini. Ruwa ba ya tsami banza, Lukuman.

Kuma na karanta takardarka sau uku, wuri ɗaya nake tsayawa: ni da shi kawai. Da can surutun leburori bai raba masa hankali ba sai yanzu da aka ba ka kujera? Aikin gaskiya ba ya ƙin shaida. In katafila ta kife da kai ba kowa kusa, wa zai ce hannu ya karkata? Sai a ce ƙaddara, a zo mini ta'aziyya, shi ne ma zai fi kowa kuka.

Ka je wurin Baturenka ka ce a canja maka mai ɗaga hannu. In ya ƙi, to Allah ya ba ka ido biyu da hankali, kada ka rataya ranka a yatsun wani. In ya ce dama, ka tambayi zuciyarka tukuna. Ina tsoro, auta, ba na barci. Ka ce na cika zargi, na yarda, in dai kana raye kana faɗi. Wassalam.

Kalgo, ƙarshen watan Sallah

Zuwa ga Adda Ruƙayyatu. Barka da sallah, ko da ta wuce. Na san kin ji ni shiru kin aiko Bawa har sau biyu. Lafiyar jiki ƙalau nake. Na rasa abin da zan rubuta ne.

Da Basharu ya dawo na tambaye shi ko ya je gaishe ki. Ya sosa ƙeya ya ce lokaci ne ya ƙure. Na ce ina ya je haka da lokaci ya ƙure. Ya ce, "Wata 'yar hidima ce, za ka ji in Allah ya so." Ya yi murmushin nan nasa. Adda, da ban taɓa lura da murmushin ba.

Na bi shi kamar yadda kika ce. Ya kai wa mutumin Ilori ƙasa, na gani. Amma ƙulli biyu ya yi, ɗaya ya miƙa. Ɗayan ban ga inda ya yi da shi ba, ko ya zubar ko bai zubar ba, Allah masani. Na daina cin abinci kwano ɗaya da shi, na ce cikina ke ciwo. Ya kawo mini jiƙon sabara da kansa, na karɓa, da ya juya na tuttular.

Makon jiya muka yi ƙaramin lodi, daga wannan bakin fadama zuwa wancan. Ya karkata hannu, na tsaya ina tunani, katafila ta yi gaba ba gyara har ƙafa ta fara cin gefen katako. Ya dunƙule, na tsaya. Ya diro yana huci, bai taɓa yi mini tsawa irin wannan ba. Ya ce, "Kai, in ba ka son hannuna ka faɗi! Wanga aiki ba a yin shi da zuciya biyu." Na ce rana ce ta kashe mini ido. Ya dube ni ya dube ni, ya tafi. Har yanzu ban sani ba, haushin na kusa faɗuwa ya ji ko haushin na gane shi.

Na je wurin Mai Lofe na ce a ba ni wani. Ya cire lofe daga baki ya ce daga nan har Sakkwato ba shi da mai hannu kamar Basharu, in ba na so in sauka a kujera. Kin ga ba mafita.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne wannan. An fara ruwa. Wurin da muka saba lodi fili ne shimfiɗaɗɗe, ba rami ba kwari. Basharu ya ce wurin ya sha ruwa, ya sa an mayar da babban lodin kan tudun marmara, daf da ramin da muka haƙa muna ɗibar jar ƙasa. Ramin zai kasance a hagu da ni, zurfinsa ya fi tsawon mutum uku. Ya ce nan ne kaɗai ƙasa ke da ƙarfi. Watakila gaskiya ne, marmara ba ta nutsewa. Amma duk faɗin Kalgo sai bakin rami?

Mako mai zuwa ne, in tirela ta dawo daga Jega. Ki sa Malam ya yi mini addu'a, kada ki gaya masa dalili. Ban taɓa jin tsoron katafila ba sai yanzu. Wassalam.

Gwandu, farkon Zulƙida

Zuwa ga auta. Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu lafiya, an yi ruwa mai yawa, katangar bayan gida ta zube amma ba ta taɓa kowa ba. Ina rubutu da sauri don Bawa na tsaye a zaure, yana cewa rafi ya cika, bai san ko jakinsa zai haye ba.

Jiya Tasalla ta shigo. Ta zauna bakin ƙofa tana wasa da gefen tabarma, na ce in magana ce ki faɗi, in wuta ce ga murhu can. Sai ta yaye mayafi. Lukuman, ciki ne, ya fito sosai. Ka san sau nawa ta yi ɓari tun da aka kawo ta. Wannan karon suka ɓoye wa kowa, har Kawu, don tsoron baki. Dodoru da suka je, ɗaurin ciki suka je nema, kada ya zube kamar na baya. Ƙullin kuwa goro ne da ɗan turare na sadaka. Ta ce Basharu ya ƙi zuwa gaishe ni ne don ya san idona, wai ina kallonsa sau ɗaya zan tatse maganar daga bakinsa, malamin kuwa ya ce a yi shiru sai ciki ya yi ƙwari. Ta zo roƙona ne in zauna da ita ran haihuwa, tun da uwarta na nesa. Har ta ce in namiji ne mijinta ya riga ya zaɓi suna, bai gaya mata ba, amma tana zaton na gidanmu ne.

Na ba ta fura ta sha, na ce Allah ya raba lafiya. 

Ban ce duk abin da na faɗa ƙarya ne ba. Ɗibar ƙasa a bayan mutum ba kyan gani, ko kai ka sani, kuma bakinsa ya cika wasan banza. Amma batun Dodoru na janye shi, na yi istigfari. Ka koma cin abinci da ɗan'uwanka, mutane na gani. Batun rami kuma ni ban san marmara ba, ban san tirela ba, ku kuka san aikinku. Abin da na ce maka na tambayar zuciya, bar shi. Ka bi hannunsa yadda ka saba.

In kun iso Kambaza ku zo tare, zan yanka muku zakara, in zage shi son raina. Wassalam.

Birnin Kebbi, tsakiyar Zulƙida

Zuwa ga Adda Ruƙayyatu. Ina gaishe ki, ina gaida Malam. Ni lafiyata ƙalau, ko ƙwarzane babu a jikina. Ki riƙe wannan tukuna kafin ki ci gaba.

Takardarki ta same ni a barandar asibiti. Ruwa ya tsare Bawa a hanya, da ya iso Kalgo aka ce masa muna nan, ya biyo mu. Na karanta ta a tsaye, sannan na nemi wuri na zauna.

An yi lodin ranar Asabar da safe. An kwana ana ruwa, gari ya waye da hadari. Basharu ya riga kowa fita, ya kankare laka daga ƙafafun katafila da hannunsa, ya watsa busasshen yashi kan gumagumai. Ya kori leburori baya, ya hau wuyan tirela, ya ɗaga hannu. Na tayar, na fara hawa. Hanci ya ɗaga, komai ya ɓace, saura hannun. Sai ya karkata hagu. Hagu, Adda, wajen rami. Na ƙi ja. Ya ƙara karkatawa da ƙarfi, hagu, hagu. Zuciyata ta ce ga ranar ta zo. Ashe ƙafar dama ce ke zamewa daga kan tirela, shi yana gani, ni ba na gani. Ya dunƙule hannu in tsaya. Ni kuwa na ɗauke ido daga kansa, na leƙa ƙasa in gani da kaina, na ja sandar dama.

Ƙafar ta sauka daga katako. Katafila ta juya, ta faɗo da gaba a karkace, kusurwar cebur ta sharo wuyan tirela. Leburori sun ce tun tana fara juyawa suke masa ihu ya yi tsalle, kuma da ya yi da ya tsira. Bai yi ba. Yana nan tsaye da hannu a dunƙule a sama, yana jiran in ɗago in gani. Da na ɗago na gani na taka birki, shi ya sa ba ta kife da ni ba. Amma cebur ya riga ya matse ƙafarsa da ƙarfen tirela.

Likita ya yanke ta daga ƙasan gwiwa. Ya ce zai rayu in Allah ya yarda, zazzaɓin ya fara sauka. Mai Lofe ya ce santsi ne, mutumin Ilori ya ce santsi ne, kowa ya ce santsi ne. An ce kujera tana jirana. Ko kallon wajen da take ba na iya yi.

Ban ce ke kika ja sandar ba. Hannuna ne ya ja. Amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke, don mu biyu kaɗai muka san abin da ke cikin kaina a lokacin.

Shekaranjiya ya farfaɗo sosai, na ba shi ruwa. Ya riƙe mini hannu ya ce, "Taubashi, mi ya sa ba ka dubi hannuna ba?" Ba da faɗa ya tambaya ba, so yake ya sani kawai. Na ce rana ce ta kashe mini ido. Ya saki hannuna. Ya san ran nan rana ba ta fito ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Likita ya ce in an warware ɗinki za a iya kai shi gida. Basharu ya ce kada a kai shi gidan Kawu, ba ya son Tasalla ta riƙa ganin ciwon da cikin nan a jikinta. Ya ce a kai shi wurin Adda, ita ta iya jinya, ita ta yi masa wanka yana yaro, ba zai ji kunyarta ba. Na ce to.

Ki share ɗakin da ke kusa da zaure, ki sa gado mara bisa sosai. Kamfani zai ba da mota ranar Laraba. Kuma ki shirya, don jiya ya ce mini in ni ba zan faɗa ba, ba komai, zai tambaye ki. Ya ce duk duniya ba wanda ya san abin da ke zuciyata kamar ke.

Ƙaninki Lukuman. Wassalam.